Lambar E° da ƙarfin redusin ejen: yadda zaka karanta teburin ba tare da ka juya shi ba

Duk shekara idan muka zo babin elektirokemistiri, wato alaƙar sinadarai da wutar lantarki, da 'yan SS2 da masu shirin WAEC da JAMB abu ɗaya ne yake maimaita kansa. Zan rubuta sinadarai huɗu ko biyar a allo, kowanne da lambarsa ta E° a gefe, in tambaya wanne ne yafi ƙarfi a matsayin redusin ejen, sai kaga hannaye sun tashi ana nuna wanda lambarsa tafi kowacce girma, wani ma da ƙwarin gwiwarsa zaice malam ai filorin ne tunda +2.87 gare shi. Wlh abin yana damuna, saboda yaran nan sunyi karatu, wasu sun haddace teburin tsaf, abinda ba'a nuna musu ba shine teburin yana da hagu yana da dama kuma kowane ɓangare da irin karatun da ake masa. Shi nake so mu warware yau a tsanake. Ka ɗauko biro da takarda, dan sai kana rubutawa da hannunka zai zauna.

Mataki na farko: ka san waye mai bayarwa, waye mai karɓa

Redusin ejen shine mai bayar da elektiron. Oksidaizin ejen shine mai karɓa. Inda ake rikicewa shine sunan, mutum yaji redusin sai ya ɗauka shi ne ake yiwa redakshan, alhali shi wani yake yiwa, shi kansa oksideshan yake sha tunda elektiron ɗinsa ne suka fita daga hannunsa.

Ga misalin da duk wanda ya taɓa shiga lab zai iya gani da idonsa. Ka tsoma guntun tutiya, wato zink, a cikin ruwan CuSO₄ ɗin nan mai shuɗi. Bayan ɗan lokaci shuɗin zai fara kodewa, wani abu ja-ja mai ruwan ƙasa zai taru a jikin tutiyar, in ka taɓa kwalbar ma zakaji ta ɗan yi ɗumi.

Zn + Cu²⁺ → Zn²⁺ + Cu

Tutiya ta miƙa elektiron 2, lambar cajinta (ba ta E° ba) ta tashi daga 0 zuwa +2, ita ce redusin ejen. Cu²⁺ ya karɓa, lambarsa ta sauko daga +2 zuwa 0 ya koma jan ƙarfe, wanda 'yan makaranta ke cewa kofa. Saukowar lambar nan ita ake kira redakshan. Kenan duk lokacin da aka tambaye ka wanne ne yafi ƙarfi a matsayin redusin ejen, ka fassara tambayar a ranka zuwa: wanne ne yafi saurin sakin hannu, wanne ne elektiron bai dame shi ba.

Mataki na biyu: me ita lambar E° take aunawa

Cikakken sunanta standad redakshan fotenshal, kuma kalmar tsakiyar nan ita ce mabuɗin. Lambar kwaɗayin karɓar elektiron take aunawa, ba ta bayarwa ba. Ana auna ta da bolt. Shi yasa kowane layi a teburin an rubuta shi da elektiron a hagu, kamar Zn²⁺ + 2e⁻ → Zn, ko da kuwa a zahiri tutiya ba ta cika bin wannan hanyar ba.

Ba'a iya auna kwaɗayin sinadari ɗaya shi kaɗai, dole sai an haɗa shi da wani an ga wa zai fizge daga hannun wa. Sai masana suka yarda a tsakaninsu cewa haidurojin za'a ɗauka ma'auni, aka bashi 0.00, kamar dai yadda 'yan kasuwar hatsi suka yarda da tiya, ba wai an halicce ta ma'auni bane, yarda akayi kowa ya auna da ita. Ana busa iskar haidurojin a kan filatinam da ke cikin asid mai H⁺ mol 1 a kowace lita, matsin iskar atmosfiya 1, yawanci a zafin digiri 25, sai a haɗa kowane sinadari da wannan a karanta mita. Wanda ya fizge elektiron daga hannun haidurojin lambarsa tana sama da sifili, wanda haidurojin ya fizge daga hannunsa lambarsa tana ƙasa da sifili, ta ɗauki mainas. Ɗan da'irar da ke saman E ɗin ma'anarsa an cika waɗancan sharuɗɗan.

Wani abu da ya kamata ka sani in kana amfani da tsofaffin littattafai na laburare ko na gado: da can wasu marubuta musamman a Amurka suna rubuta teburin ta fuskar oksideshan, sai kaga tutiya +0.76 jan ƙarfe −0.34. A shekarar 1953 ne ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, wato IUPAC, ta zauna a birnin Stockholm ta tsayar da cewa ta fuskar redakshan za'a riƙa rubutawa. Dan haka kafin ka fara komai ka duba inda elektiron yake a layin, in yana hagu to kana kan tsarin da muke magana.

Mataki na uku: hagu da dama

Nan ne zuciyar maganar, kar kayi sauri. Kwafi wannan a takardarka:

Li⁺ + e⁻ → Li   −3.04
K⁺ + e⁻ → K   −2.93
Na⁺ + e⁻ → Na   −2.71
Mg²⁺ + 2e⁻ → Mg   −2.37
Al³⁺ + 3e⁻ → Al   −1.66
Zn²⁺ + 2e⁻ → Zn   −0.76
Fe²⁺ + 2e⁻ → Fe   −0.44
Sn²⁺ + 2e⁻ → Sn   −0.14
2H⁺ + 2e⁻ → H₂   0.00
Sn⁴⁺ + 2e⁻ → Sn²⁺   +0.15
Cu²⁺ + 2e⁻ → Cu   +0.34
I₂ + 2e⁻ → 2I⁻   +0.54
Fe³⁺ + e⁻ → Fe²⁺   +0.77
Ag⁺ + e⁻ → Ag   +0.80
Br₂ + 2e⁻ → 2Br⁻   +1.07
Cl₂ + 2e⁻ → 2Cl⁻   +1.36
Au³⁺ + 3e⁻ → Au   +1.50
F₂ + 2e⁻ → 2F⁻   +2.87

Yanzu ja layi daga sama har ƙasa ta kan kibiyoyin. A saman ɓangaren hagu rubuta masu karɓa, a saman ɓangaren dama rubuta masu bayarwa. Duk abinda ke hagu hannunsa a buɗe yake yana jiran elektiron, oksidaizin ejen kenan. Duk abinda ke dama ya riga ya riƙe elektiron, shi kaɗai ne yake da abin bayarwa, dan haka redusin ejen a dama kawai ake nemansa.

To ya alaƙarsu da lambar take? Ɗauki layin ƙarshe. F₂ yana da +2.87, babu wanda ya kai shi kwaɗayi a teburin nan, kaga kuwa wanda ya sha wahala haka wajen fizgo abu in ya samu ba zai saki ba, shi yasa F⁻ da ke dama ya zama marowacin ƙarshe, redusin ejen mafi rauni. Koma layin farko, Li⁺ yana da −3.04, ko kaɗan baya son elektiron, in an tilasta masa ya karɓa ya zama Li to jira kawai yake ya samu wanda zai miƙawa ya huta. Saboda haka Li shine mai bayarwa mafi ƙarfi. Ƙa'idar kenan: iya nisan da lambar tayi ƙasa da sifili, iya ƙarfin abinda ke dama a matsayin redusin ejen. Iya hawanta sama, iya ƙarfin abinda ke hagu a matsayin oksidaizin ejen.

Ni ina ba ɗalibaina shawara kar su haddace shi da sama da ƙasa, saboda wani littafin litiyam ne a sama wani kuma filorin ne a sama, wanda ya haddace cewa na sama yafi ƙarfi ranar da aka juya masa tebur shikenan ya tafi. Lambar zaka bi da alamarta.

Mataki na huɗu: jerawa, da ramukan da ake faɗawa

An baka Fe, Ag, Mg, Zn, Cu ance ka jera daga mafi ƙarfin bayarwa. Nemo kowanne a dama ka rubuta lambarsa: −0.44, +0.80, −2.37, −0.76, +0.34. Ka ɗauki mainas a matsayin bashi, wanda ake binsa 2.37 yafi wanda ake bi 0.76 nutsewa, shi kuma yafi mai 0.44. Jerin ya zama Mg, Zn, Fe, Cu, Ag. Wannan mai sauƙi ne.

Ramin farko shine a saka maka ayon, wato atom mai caji irin su Na⁺, a cikin zaɓin. Misali Na⁺, Zn, Cu, sai yaro yaga sodiyam ya tuna −2.71 ya yi wuf ya zaɓa. Amma Na⁺ a hagu yake, ya riga ya bayar da nasa, aljihunsa wayam. Gishirin da muke ci kullum cike yake da Na⁺ kuma ba abinda yake yi a cikin miya, amma Na ƙarfen kansa in ka jefa shi a ruwa tsalle zai riƙa yi yana huci. Amsar a nan Zn ce. Ƙaramar alamar + ɗin nan da ke saman harafi ta sha cinye wa mutane maki.

Rami na biyu, sinadarin da ya fito sau biyu. Duba Fe²⁺, yana hagu a layin −0.44, yana dama a layin +0.77. In ana maganarsa a matsayin redusin ejen layin da yake dama zaka ɗauka, wato +0.77, domin in ya bayar Fe³⁺ zai koma. Haka Sn²⁺, nasa +0.15 ne ba −0.14 ba. In aka ce tsakanin Sn²⁺ da Fe²⁺ wa yafi bayarwa, 0.15 tana ƙasa da 0.77, Sn²⁺ ne, kuma shi yasa a lab ake amfani da SnCl₂ a maida Fe³⁺ zuwa Fe²⁺.

Su halojin kuma mutane sun saba da jerin filorin, kulorin, buromin, ayodin a matsayin na ƙarfi zuwa rauni, wannan jerin karɓa ne. In aka koma ayon ɗinsu ana tambayar bayarwa sai ya juye, I⁻ gaba, sai Br⁻, sai Cl⁻, F⁻ a ƙarshe.

Mataki na biyar: lissafin ko haɗin zai yiwu

Sanin wa yafi ƙarfi amfaninsa shine ka iya faɗin abinda zai faru kafin a zuba komai a kwalba. Ka ware wanda kake so ya karɓa, shi ne katod, da wanda kake so ya bayar, shi ne anod, sai ka ɗebe:

E° na sel = E° na mai karɓa − E° na mai bayarwa

Dukkansu ka ɗauko su yadda suke a tebur, kar ka canza alamar kowa, ɗebewar ta riga ta yi maka wannan aikin. Masu juya alama sannan su sake ɗebewa sau biyu suka juya, sai amsa ta fito a karkace. In sakamakon yana sama da sifili haɗin zai tafi da kansa, in yana ƙasa ba zai tafi ba sai an tura shi da wutar lantarki.

Tutiya da Cu²⁺: 0.34 − (−0.76) = +1.10 bolt. Wannan shine batirin da John Daniell ya ƙirƙira a Ingila a 1836, kuma in ka haɗa shi daidai a lab mitar zata nuna maka kusan hakan.

Jan ƙarfe a cikin asid HCl: mai karɓa H⁺ ne, 0.00 − 0.34 = −0.34. Ba abinda zai faru, ko kumfa ɗaya ba zaka gani ba. Tutiya a asid ɗin kuwa 0.00 − (−0.76) = +0.76, nan take zata fara fitar da iskar haidurojin. Duk ƙarfen da ke ƙasa da sifili yana iya korar haidurojin daga asid, na sama da sifili basa iyawa.

Fe³⁺ da I⁻: 0.77 − 0.54 = +0.23, zai yiwu, ruwan zai koma ruwan ƙasa saboda ayodin ya fito. Fe³⁺ da Br⁻: 0.77 − 1.07 = −0.30, ba zai yiwu ba.

Sai wanda nafi so a kula da shi, wayar jan ƙarfe a ruwan AgNO₃:

Cu + 2Ag⁺ → Cu²⁺ + 2Ag

An ninka azurfa, wato Ag, sau 2 dan elektiron su daidaita, sai hannu ya riƙa ƙaiƙayin a ninka 0.80 ma ta zama 1.60. Kar ka taɓa. E° ba ta san yawa ba, kamar zafin ruwa ne, in ka haɗa kofi biyu na ruwa mai digiri 40 ba zai zama 80 ba. Amsa 0.80 − 0.34 = +0.46 bolt. Inda yawan elektiron yake shigowa shine in an ce ka nemo ΔG°, wato canjin kuzarin da ke nuna ko haɗin zai tafi da kansa, wanda yake −nFE°, n yawan elektiron ne, F kuma tsayayyiyar lamba ce wajen 96500. A nan n 2 ce, −2 × 96500 × 0.46 ya bada wajen −88800 jul, wato −88.8 kJ. Mainas a ΔG° da fulas a E° magana ɗaya suke faɗa.

Mataki na shida: inda teburin ya tsaya

Teburin yana gaya maka ko abu zai iya faruwa, baya gaya maka saurinsa, kuma rashin sanin wannan yana sa ɗalibi mai tunani ya fara zargin littafinsa. Litiyam ne kan gaba da −3.04, amma in aka jefa shi a ruwa a hankali yake tafasa, sodiyam ya fishi hayaniya, potasiyam kuwa kamawa da wuta yake yi. To me yasa litiyam ya wuce su a lamba? Saboda E° a cikin ruwa ake auna ta, kuma lissafin ya haɗa abu uku, raba atom daga ƙarfen, cire masa elektiron, da kuma yadda ruwa ke rungumar ayon ɗin da ya fito. Cire elektiron daga litiyam yafi tsada, wajen 520 kJ a kowane mol, na potasiyam wajen 419. Amma Li⁺ ɗan mitsitsi ne, ruwa yana manne masa da ƙarfi sosai har ya saki kuzari wajen 520 kJ, alhali K⁺ wajen 320 kawai yake samu, wannan ribar ta ƙarshe ita ta ɗaga litiyam. Rashin nauyinsa da wannan lambar tasa su suka sa batirin wayarka na litiyam ne, sel ɗaya yana bada wajen bolt 3.7 alhali batirin tocila 1.5 ne.

Alminiyam ma haka, −1.66 ba wasa ba, bisa lissafi bai kamata ya zauna lafiya da ruwa ba, amma ga tukwanensa nan a kowane gida ana dafa tuwo shekara da shekaru. Da zarar iska ta taɓa shi yake yin wata siririyar fata ta Al₂O₃ da ta like ta hana komai shiga.

Abu na biyu, lambobin na mol 1 a lita ne. In kaurin ruwan ya canza lambar ma tana motsawa, lissafin Nernst ɗan ƙasar Jamus shi ke kula da wannan. A batirin Daniell in ka bar Zn²⁺ a mol 1 ka rage Cu²⁺ zuwa 0.01, bolt ɗin zai sauko daga 1.10 zuwa wajen 1.04. Motsin kaɗan ne, amma in sinadarai biyu lambobinsu na kusa da juna sosai yana iya juya wa zai bayar wa zai karɓa.

Na uku, ka tabbatar ka gane waye mai karɓar na gaskiya. Mun ce jan ƙarfe baya narkewa a HCl, sai wani yace amma malam na ga ya narke a asid HNO₃. Eh ya narke, amma ba H⁺ ne ya karɓa ba, NO₃⁻ ne, nasa +0.96 ne, 0.96 − 0.34 ya bada +0.62, shi yasa ba haidurojin ke fita ba sai iskar naitirojin oksaid.

Yanzu ka ɗaga kai ka kalli rufin ɗakinku. Kwanon rufi baƙin ƙarfe ne aka shafe shi da tutiya, kuma ba wai rufe shi kawai tayi ba, ko ƙusa ta huda shi ko ya karce, tutiya mai −0.76 ita zata riƙa bayar da elektiron a madadin ƙarfe mai −0.44, ita ke cinyewa shi yana nan, sai ta ƙare sannan tsatsa ta samu hanya. Gwangwanin tumatir kuwa da kuza, wato Sn, aka shafe shi, −0.14, wadda ba ta kai ƙarfe bayarwa ba, muddin fatar na nan lafiya lau, amma ranar da ya karce ƙarfen ne zai zama mai bayarwa kuma tsatsar ma sai tafi sauri, ka duba gwangwanayen da ke kan bola bayan damina zaka gani. Da wannan dabarar ake ɗaura dunƙulen magniziyam a jikin bututun da aka binne a ƙasa, da tutiya a jikin jiragen ruwa. Zinare kuma +1.50, baya bayarwa ga iska baya bayarwa ga ruwa, shi yasa masu haƙa a Zamfara suke samunsa a matsayin zinarensa cikin dutse da yashi, alhali babu wanda ya taɓa tono sodiyam tsantsa daga ƙasa.

In kana so ka gani da idonka a gida, samo ƙusa uku na baƙin ƙarfe ka goge su da sanfefa su yi haske. Ɗaya ka barta haka, ɗaya ka naɗe ta tamau da wayar jan ƙarfe da ka fere robarta, ta ukun ka naɗe ta da guntun tutiya, in makarantarku na da lab ka roƙi malamin kemistiri ya yanko maka, in da zaren magniziyam ma yafi. Kowacce da kofinta na roba, ka zuba ruwan gishiri ya kai rabin ƙusar ka ajiye inda yara basa kaiwa. Kafin ka duba, rubuta a takardarka wacce kake ganin zata fara tsatsa da dalilinka daga lambobin −0.76, −0.44 da +0.34, sannan bayan kwana biyu ko uku ka je ka gwada da abinda ka rubuta.